Tambaya da Amsa: Motar Da Ta Fi Riƙe Mini Amana

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba. Ni malamin makaranta ne, na daɗe ina tari, yanzu Allah ya nufa zan sayi motata ta farko. Mahaifina ya dage sai dai in nemi tsohuwar ƙira, wai da tsohuwar zuma ake magani, motocin yanzu kuwa gwangwani ne da wayoyi. Na ji ka taɓa cewa ka haura shekara 40 kana tuƙi. Don Allah waɗanne motoci ka riƙe, wacce ce ta fi riƙe maka amana, kuma da gaske ne na da sun fi na yanzu ƙwari?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. A gaida mahaifin naka.

Ban so in amsa maka da ka ba, domin zuciya takan yi son kai a kan motar da mutum ya yi ƙuruciya da ita. Sai na ɗauko littattafaina. Tun daga motata ta farko nake ajiye ƙaramin littafi a aljihun gaban mota. Duk ranar da aka taɓa ta sai in rubuta kwanan wata, da kilomitar da ta yi, da abin da aka canja. Mota biyar, littafi bakwai. Abin da ke cikinsu zan gaya maka, har da wanda bai yi wa raina daɗi ba.

Ta farko Volkswagen Beetle ce, ta hannu. Injinta a baya yake, iska ce ke sanyaya shi, babu lagireto ballantana a yi maganar ruwa. Bel guda ɗaya ne ke juya fanka da janareto, shi ya sa ba na fita sai da wani sabo a ƙarƙashin kujera, domin in ya tsinke ka ci gaba da tafiya, injin zai gasu kafin ka yi nisa. Ba ta da matatar mai irin ta motocin yanzu, wata 'yar rariya ce kawai, don haka kowace kilomita 5,000 sai an yi juye. A kanta na koyi riƙe sifana. An ƙera irinta sama da miliyan 21 kafin a fitar da ta ƙarshe a Puebla ta ƙasar Meziko a 2003, kuma na fahimci dalilin yawan nan: duk wanda ya iya kwance keken ɗinki zai iya gane cikinta.

Ta biyu ita ce Peugeot 504, kuma ita na fi so har gobe. Ta fito a 1968, aka zaɓe ta motar shekara a Turai a 1969, a 1975 kuma ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka, inda hanya ke karya motoci kamar kara. Yadda take shanye rami ban sake samun irinsa ba. Ka faɗa kwazazzabo, yaro na barci a kujerar baya, bai ko motsa ba. Da ka tambaye ni a bakin hira, da na rantse maka ba ta taɓa ba ni matsala ba.

To amma littafinta ya faɗi wani abu daban. Akwai shekarar da na ƙirga an buɗe mata bonet sau 14. Yau a wanke kafireta, gobe a goge kwantak a daidaita shi, jibi fulogi, wata na zagayowa a saita bawul. Haka yawancin motocin wancan zamanin suke, domin da hannu ake saita mai da wuta, kuma saitin hannu ba ya zama wuri guda. Abin da ya sa ban riƙe ta da wannan a raina ba shi ne ba ta taɓa yi mini ba-zata ba. Kafin ta tsaya sai ta yi kwanaki tana gargaɗi: ta yi tari da safe, ta yi nauyi a hawa, ƙararta ta canja. In ma ta tsaya, da sukudireba da filaya a gefen hanya za ka lallaɓa ta ta kai ka gida. Shekara 11 muna tare ban taɓa kwana a hanya saboda ita ba.

Ta uku ce ta kwanar da ni. Ba zan kama sunan ƙirarta ba, domin laifin ba na waɗanda suka ƙera ta ba ne. Kyakkyawa ce, mai sanyi, gilashinta da maɓalli. Wanda ya sayar mini ya ce an canja bel ɗin taimin kwanan nan, na yarda da bakinsa, ban nemi takarda ba, ban sa an buɗe murfin an duba ba. Wata takwas bayan haka, da dare, ina tare da maiɗakina da yara uku, injin ya mutu cak ba tare da ko tari ɗaya ba. Bel ɗin ne ya tsinke.

Bari in yi maka bayanin wannan da kyau, Malam, domin shi ne abin da ya fi cin masu sayen mota ta hannu. Bel ɗin taimin shi ne ke haɗa juyawar ƙasan inji da ta samansa, ta yadda bawul za su buɗe su rufe daidai lokacin da fistan ya sauka ko ya hau. A injuna da yawa, wurin da bawul ke leƙowa idan ya buɗe, nan ne fistan ke isowa idan ya hau, lokaci ne kawai ke raba su. Da bel ya tsinke, bawul sun tsaya a buɗe, fistan kuwa bai daina zuwa ba, sai ya daka su. Nawa guda takwas suka lanƙwashe. Robar da za a canja cikin rabin yini ta sa motar ta yi mako shida a gareji. Yawancin kamfanoni kan ce a canja shi a wajen kilomita 90,000 zuwa 100,000, ko bayan wasu shekaru ko da ba a yi tafiyar ba, domin roba tana tsufa a zaune. Yadda ƙaramar 'yata ta riƙe rigata a daren nan tana tambaya ko za mu koma gida, har yau ban manta ba.

Ta huɗu Honda Accord ce. A makon da na saye ta na sa aka canja mata bel da famfon ruwa tare, ban tsaya jin bakin kowa ba. Shekara huɗu lafiya lau, na bar wa ƙanena ita.

Ta biyar, wadda nake ciki har yanzu, Toyota Corolla ce ƙirar 2005, mai inji 1.8. Ita sarƙa ke gare ta maimakon bel, kuma sarƙa cikin mai take wanka, muddin ana juye a kan lokaci takan daɗe ƙwarai. Ta wuce kilomita 300,000. A littafinta akwai batir, da takalmin birki, da taya, da famfon ruwa sau ɗaya, da alteneto sau ɗaya, da shokabzoba. Ba a taɓa buɗe cikin injin ba. Littafin shekara 13 bai kai rabin na 504 kauri ba. Ba ta faranta mini rai yadda waccan ta yi, ba na waiwayenta in na ajiye ta, amma in amana kake tambaya, ita ce. Tun 1966 ake ƙera Corolla, kuma a 2021 adadin da aka sayar ya haura miliyan 50, wannan yawa ya sa kayan gyaranta da masu saninta ba sa wuyar samu, abin da ni nake lissafawa cikin amanar mota.

Yanzu ga maganar mahaifinka. Yana da gaskiya ta fuska ɗaya: motar da tana gyaruwa a hannun mai ita, ta yanzu kuwa in ƙwaƙwalwarta ko wata na'urar ji ta samu matsala, sai mai kwamfuta. Amma akwai abu biyu da nake so ka kai masa cikin ladabi. Tsofaffin motocin da muke gani a hanya yau muna jinjina musu, su ne 'yan ƙalilan da suka tsira. Dubban 'yan'uwansu da tsatsa ta cinye tuntuni ba ma ganinsu, don haka ba ma sa su a lissafi. Sannan batun gwangwani. Da gangan ake ƙera gaba da bayan mota su murƙushe a lokacin haɗari, don su shanye ƙarfin dukan kafin ya isa ga mutanen ciki. Mercedes ce ta fara fito da wannan tsari a motocin kasuwa a 1959, shekarar da Volvo ta fara sa bel ɗin kujera mai ratsa kafaɗa da ƙugu. Motar da ta fito daga karo ba ta lotsa ba, jikin direba ne ya karɓi dukan. Na je gaisuwar mutuwa irin wannan, inda ake nuna motar ana cewa ko fitila ba ta fashe ba.

Tun da kai malami ne, ga labarin wani abokin aikinka. Irv Gordon, malamin makaranta a Amurka, ya sayi Volvo P1800 sabuwa a 1966, ya yi ta hawa har ta cika mil miliyan uku a 2013, wato kusan kilomita miliyan 4.8. An sake yi wa injin aiki a tsawon shekarun, ba a ce ba. Amma mutum ɗaya ne ya riƙe ta tun daga ranar farko, yana bin littafin kamfani. Ka nemi ƙira mai sauƙi, wadda ta yawaita a inda kake, mai injekta (na'urar fesa fetur da ta maye gurbin kafireta), kuma ka sayi ɗan littafinka na rubuta gyara tun ranar da ka karɓi makulli.

Tambaya: Baba, ina wuni. Ni uwa ce mai kai yara makaranta kullum. An nuna mini motoci biyu ƙira ɗaya. Ɗaya agogonta ya nuna kilomita 80,000 amma babu wata takardar gyara. Ɗayar ta yi 170,000, mai ita yana da rasit na duk abin da aka yi mata. Maigidana ya fi karkata ga ta farkon. Me ka gani?

Amsa: Lafiya lau, 'yata. Ni ta biyun zan fara dubawa. Lambar agogo ana iya mayar da ita baya, har a motoci masu agogon lantarki. Tarin rasit na shekaru kuwa da wuya a ƙirƙira shi. Ko da lambar gaskiya ce, motar da ta yi rayuwarta a gajerun tafiye-tafiye, ana kashe ta kafin injin ya ɗau ɗumi, takan fi wadda ta sha doguwar hanya gajiya.

Ki ce wa maigida ya je da bakaniken da ku kuka zaɓa, ban da wanda mai sayarwa ya kawo. Su je da sassafe, su taɓa bonet su tabbatar ba a riga an ɗumama injin ba, domin a tashin farko ne inji ke faɗin gaskiya. Hayaƙi shuɗi daga salansa alamar yana cin baƙin mai ne. Su buɗe murfin mai, in sun ga wani abu fari-fari mai kauri kamar madara, a binciki gasket, wato shimfiɗar da ke like kan inji da gangar jikinsa, mai yiwuwa ruwa na haɗuwa da mai. Su duba ruwan lagireto ko ya yi jan tsatsa. In giyar otomatik ce, su shinshina man giya, kada ya yi ƙauri. Su kalli robar fedar birki, da sitiyari, da gefen kujerar direba: motar da ta yi 80,000 da gaske ba za ka tarar da fedarta ta suɗe har ƙarfe ba.

Sai abu ɗaya da mutane ke mantawa. Idan aka murɗa makulli kafin a tada inji, dole fitilar gargaɗin inji ta kama, sannan ta mutu bayan ya tashi. In ba ta kama ba sam, to wataƙila an kashe ta ne don a ɓoye wani abu. Tun 1996 aka wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka wani soket a ƙarƙashin sitiyari da ake jona na'urar bincike, Turai ma ta biyo baya, yanzu kusan kowace mota na da shi. A jona, minti biyar ne. In rasit ɗin ta biyun sun nuna an canja bel ɗin taimin, ko kuma mai sarƙa ce, kuma ta tsallake waɗannan gwaje-gwaje, ki ɗauke ta da kwanciyar hankali.

Tambaya: Ranka ya daɗe, motata tana ɗaukar zafi a cunkoso. Bakanike ya ce a cire tamostat a huta. In yarda?

Amsa: Kada ka yarda, ɗana. Aikin tamostat shi ne ya riƙe ruwa har inji ya kai ɗumin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 90, sannan ya buɗe hanya zuwa lagireto. In an cire shi, inji zai daɗe yana aiki da sanyi, ya ƙara shan fetur, ya ƙara cin jikinsa, ainihin ciwon kuma yana nan. Tun da a cunkoso take zafi, a kan hanya kuma ta sauka, fankar lagireto zan fara zarga: a duba fis ɗinta, da rile, da na'urar da ke tada ta. Daga nan a duba murfin lagireto, da ko lagireton ya toshe. In tamostat ɗin ne ya maƙale, a sa sabo. Ka daina zuba ruwa zalla, ka yi amfani da ruwan sanyaya inji mai launi, yana hana tsatsa kuma ba ya saurin tafasa. Kafin a gyara, duk lokacin da allurar ta doshi ja ka tsaya ka kashe inji, kuma kada ka buɗe murfin lagireto sai ya huce.