Ku bar Baba ya yi tafiyarsa, amma kada ya ajiye magani

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tun jiya na ga tambayarka cewa Baba yana da hawan jini, likita ya ce ya riƙa motsa jiki, ku kuma a gida kuna tsoron kada wahalar ta jawo masa shanyewar ɓarin jiki. Allah ya ƙara masa lafiya. Ni ba likita ba ne, ɗan kasuwa ne, amma ciwon nan ya shigo gidanmu, ni kaina kuma shekara shida ke nan ina shan maganin hawan jini.

Zaman da kuke so ya yi, shi ne abin tsoro. Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce: ko jijiyar jini ta toshe a ƙwaƙwalwa, ko ta fashe, kuma hawan jini ne kan gaba wajen jawo duka biyun. Akwai binciken da ake kira SIREN kan abubuwan da ke jawo shanyewar ɓarin jiki, wanda aka yi a Najeriya da Gana, har da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya, aka fitar da sakamakonsa a 2018. Hawan jini ya zo na ɗaya nesa ba kusa ba. A jerin akwai ciwon suga, teɓa, rashin motsa jiki, barbaɗa gishiri a abinci, ƙarancin cin ganye da yawan cin nama. Wannan na ƙarshen bai min daɗi ba, don ni ban iya ganin mai tsire in wuce ba.

Lokacin da aka fara auna ni, 165 bisa 100 aka samu. Ba mamaki. Daga gida babur, daga babur benci, a kan bencin nan har Magariba, masallacin ma a bakin layinmu yake. Sai na fara tafiya bayan sallar Asuba, minti 30, kwana biyar a mako. Idan ka haɗa ya kama minti 150, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya yi a mako. Ba gudu ba, ba kuma tafiyar rangwaɗa ba. Irin wadda numfashi zai ɗan ƙaru, gumi ya tsattsafo, amma kana iya gaisawa da mutane.

Wata huɗu da farawa awona ya sauka, ciki ya ragu, barci ya gyaru. A nan na tafka kuskure. Na ce ai na warke, na ajiye ƙwayoyin ban faɗa wa kowa ba. Ba a yi wata biyu ba ƙeyata ta fara sarawa, da aka auna sai ga shi ya wuce inda na faro. Likita ya wanke ni tas. Ya ce tafiya takan rage lambar sama ta awon jini da maki biyar zuwa takwas ne, sauran aikin na magani ne. Tun daga ranar nake haɗa su biyun.

Yayana kuwa manomi ne, bai san zama ba, ko ƙiba babu a jikinsa. A gona ya faɗi. Bai taɓa auna jininsa ba sau ɗaya, don a ganinsa mai noma da hannu ba ya ciwon masu kuɗi. Abin da ya fi ci min rai, kwana biyu aka yi da shi a gida ana shafe-shafe, wai iska ce ta buge shi. Har yau hannunsa na hagu bai dawo ba. Saboda haka ka gaya wa duk mutanen gida: idan baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta harɗe, asibiti kai tsaye, ko da abin ya sake shi bayan 'yan mintoci. Maganin narkar da gudan jini yana da iyaka, awa huɗu da rabi daga farawar alamun, kuma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa tukuna. Kada a ɗura masa ruwa ko kunu, zai iya shaƙewa.

Baba ya fara da minti goma, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Ranar da awo ya kai 180 bisa 110, ba ranar tafiya ba ce, a nemi likita. Ya guji ɗaga kaya mai nauyi yana riƙe numfashi, ya kuma guji tsakar rana, musamman da bazara. Da azumi ni bayan shan ruwa nake yin tawa. Ka saya masa takalmi mai laushi, ka raka shi makon farko, don dattawanmu suna jin nauyin a gan su suna zagaye unguwa ba dalili. Nawa awonsa ya nuna a zuwansa asibiti na ƙarshe?