Ƙofar bayan mota ta daina ɗagawa da kanta: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a unguwar Birni, nan Damagaram. Motata Toyota RAV4 ce ta 2015, wadda aka kawo mini daga Kwatano. Da in na danna rimot ƙofar baya takan ɗaga da kanta. Yanzu wata rana ta ɗaga rabi ta komo, wata rana ta yi ƙara kawai ba ta motsa ba. Wani mai gyara ya ce injin ɗagawar ne ya ƙone, sai an sayo sabo. Na san tambayoyin waya da kwamfuta kake amsawa, amma a taimaka.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Tambayarka ba ta fita daga fagenmu ba, domin ƙofar nan ƴar kwamfuta ce ke tafiyar da ita. Ita ke karɓar umarni daga maɓalli, ta ba injin wuta, ta riƙa ƙirga juyinsa don ta san inda ƙofar ta kai. Kada ka biya kuɗin inji tukuna. Injin da ya ƙone ba ya ɗaga ƙofa har rabi.

Fara da batir. Ƙofar na jan wuta sosai, kuma zafin da muke sha a watan Afrilu da Mayu yana gajiyar da batir tun kafin lokacinsa. A ɗora mita a kansa bayan motar ta kwana a kashe: mai lafiya yana nuna bolt 12.4 zuwa 12.6. Idan an tayar da mota ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In ƙofar na aiki daidai mota tana kunne amma ta ƙi idan an kashe, to ka kama ɓarawonka. Ka tuna kuma ko an cire kan batir kwanan nan. Idan wuta ta yanke, kwamfutar takan manta inda ƙofar take, kuma a Toyota maganin shi ne ka rufe ƙofar da hannu har ta kulle gam, sannan ka sake gwadawa.

Akwai abubuwa biyu da ba sa cin ko dala. Wannan mota na da maɓallin kashe aikin ƙofar gaba ɗaya, yawanci cikin ɗan akwatin da ke gaban fasinja, kuma hannun yara na kai wa gare shi. Sannan tana iya riƙe tsayin da aka koya mata, ta riƙa tsayawa a nan kullum. Amma taka komowa take yi, don haka hankalina ya fi tafiya wani wuri.

Ƙofar da ta ɗaga rabi ta komo tana tsammanin ta ci karo da wani abu. An tsara ta haka ne don kada ta matse hannun yaro. Kwamfutar na lura da yawan wutar da injin ke ja da saurin juyinsa, da zarar nauyi ya ƙaru sai ta juya. A nan ƙurar hunturu ke mana ɓarna. Takan shiga maƙalan ƙofa da sandunan ɗagawa, ta haɗu da tsohon giris ta zama kamar laka, sai tafiyar ta yi tauri. Kashe aikin lantarkin, ka ɗaga ƙofar da hannu a hankali, ka ji ko akwai inda take cijewa ko take ƙara. Duba kuma siririyar robar da ke gefen ƙofar dama da hagu, wadda ke jin matsewa. Rana na busar da ita ta tsage, sai ta riƙa kai ƙarar hannun da babu shi.

Wurin da na fi zargi, tunda ka ce yau ta yi gobe ta ƙi, shi ne wayoyin da ke wucewa daga jikin mota zuwa ƙofa ta cikin wata roba mai lanƙwasa, sama kusa da maƙali. Duk buɗewa da rufewa sai sun tanƙwaru, shekara da shekaru, har tagullar ta karye a ciki alhali bawon waya na nan lafiya. A tokare ƙofar da sanda mai ƙarfi, don nauyinta ba abin wasa ba ne, a janye robar, a ja kowace waya a hankali. Wadda ta miƙe kamar danƙo ta karye. A yi mata dalma a rufe da kyau, kada a murɗa kawai a naɗe da leda. A kwance wayar da ke komawa jikin ƙarfen mota, wadda masu gyara ke kira mas, a goge tsatsarta a ɗaure.

Fis kuwa, in ya ƙone ƙofar ba za ta motsa ko kaɗan ba. Idan an same shi a ƙone a sa mai lamba iri ɗaya. Ina roƙonka kada ka yarda a ɗaura zaren waya a madadinsa, da haka motoci ke kama wuta.

Tambaya: Ina da ƴar na'urar nan da ake jonawa ƙarƙashin sitiyari ta yi magana da waya. Za ta nuna mini matsalar ƙofa? Daga wata mai karatu a Sabon Gari.

Amsa: Hajiya, yawancin masu arahan nan lambobin matsalar injin mota kawai suke karantawa, waɗanda ke farawa da harafin P. Matsalar ƙofa tana cikin lambobin jikin mota masu farawa da B, ko na sadarwa masu farawa da U. Sai ki nemi garejin da ke da kwamfutar da ke shiga dukan sassan motar, kamar manhajar Techstream in Toyota ce. Ki ɗauki hoton lambar da wayarki kafin su goge ta, ki turo mini mu duba tare.