Amsa ga Yaya kan darasin rawar balet da 'yarka take ɗauka

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da iyali, na ga saƙon da ka aiko bayan ka kalli bidiyon 'yarka, inda kake tambaya ko da gaske ne mu mazauna Ingila har malama muke ɗauka ta musamman don ta koya wa yaro rawa, da kuma abin da ya kai mu ga haka. Na jinkirta amsa ne saboda ina son in yi maka bayani filla-filla, domin abin da ake kira balet ya fi kusa da horon jiki mai tsanani fiye da abin da kunne yake ɗauka idan an ce rawa.

Asalinsa fadojin sarakunan Italiya ne a ƙarni na 15, daga can ya shiga Faransa, inda Sarki Louis na 14 ya kafa masa cibiya a Paris a 1661, shi ya sa har yau da Faransanci ake kiran sunayen motsinsa a ko'ina. Ginshiƙinsa tsayuwar ƙafa iri biyar ce, kuma dukkansu suna buƙatar a juya ƙafafu waje, yatsu suna kallon gefe, juyawar kuma daga ƙugu za ta fito. Jikin ɗan Adam bai saba da wannan ba, sai an yi shekaru ana lallaɓa shi. Kowane darasi yana farawa ne a jikin wata sanda da aka kafa a bango daidai ƙugu, yara su dafa ta da hannu ɗaya suna lanƙwasa gwiwa suna miƙewa, suna zame ƙafa gaba da gefe da baya, kuma ƙwararriyar da ta shekara ashirin a kan dandamali da wannan motsin take buɗe safiyarta, daidai da 'yar shekara bakwai.

Abin da ya sa muka nemi darasi na keɓe kuwa, ciwon gwiwa ne. A ajin da take zuwa su goma sha biyar ne a hannun malama ɗaya, kuma don kada a bar ta a baya sai ta riƙa murɗa ƙafarta waje daga gwiwa da idon sawu, abin da kowace malama take hanawa saboda yana lahanta gaɓɓai. A darasin farko na keɓe ina zaune a kusurwar ɗakin, na ga malamar ta durƙusa a ƙasa ta kama diddigenta, ta mayar da yatsunta ciki kaɗan, ta ce mata iyakarta ke nan a yanzu, sauran sai ƙugu ya yi ƙarfi. Minti goma sha biyar suka yi a kan motsi ɗaya tak, ba kiɗa, yarinya tana gumi tana hararar agogo. Ranar na gane abin da nake biyan kuɗinsa, wato idon da yake kan yaro ɗaya daga farkon awa zuwa ƙarshenta, kuma ba zan ɓoye maka ba, awa ɗayan nan tana cin kuɗin darasin aji uku ko huɗu.

Akwai dalili na biyu, wanda na san shi ne ainihin abin da ke zuciyarka. Tufafin darasi masu kama jiki ne, saboda malama tana buƙatar ganin gwiwa da ƙugu da gadon baya kafin ta gyara su. Iyalanmu a nan ba bakinsu ɗaya ba a kan wannan. Wasu ba sa kai 'ya'yansu sam, kuma ban taɓa ganin laifinsu ba. Wasu suna kai su tun suna ƙanana, su roƙi makaranta ta yarda da riga mai dogon hannu da ɗan siket a sama, wanda makarantu da yawa suke amincewa da shi idan an yi magana tun farko. Wasu kuma, idan yarinya ta fara girma, sai su koma ga malama mace a ɗakin da babu namiji, uwa tana zaune, wani lokaci iyali biyu su haɗa kuɗi. Kafin mu ɗauki kowace malama muna neman ganin takardar binciken da ake yi a ƙasar nan a kan masu aiki da yara, sannan mu duba ko tana da rajista da wata hukumar jarrabawa, irin su Royal Academy of Dance da aka kafa a Landan a 1920, mai matakai daga na 1 zuwa na 8.

Sai dai a ganina masu cire yaro daga aji gaba ɗaya suna kuskure, domin a cikin aji ne ake koyon tafiya daidai da kiɗa tare da wasu, da sanin tazara, da haddace jerin motsi da zarar an nuna sau ɗaya. Mu mun bar ta a aji sau biyu a mako, na keɓen kuma sau ɗaya, ranar Lahadi don kada ya ci karo da Islamiyya.

Wahalar gaske tana farawa ne da takalmin da ake tsayuwa a kan tsinin yatsu da shi. Malamar kirki ba ta yarda da shi sai yarinya ta kai kimanin shekara 11 ko 12, bayan ta yi shekaru tana horo, saboda ƙasusuwan ƙafa ba su gama ƙwari ba. Bakinsa ba katako ba ne kamar yadda mutane suke zato, ƙyalle ne da takarda da gam aka jera har suka yi tauri, kuma yana laushi ya mutu, har ƙwararru sukan kashe guda a wasan dare ɗaya. Bororo da farce mai taruwar jini abin yau da kullum ne. Ga kuma abin da ya shafe mu kai tsaye: takalman an saba yin su da launin fatar Turawa, baƙar fata sai dai su shafa musu hodar kwalliya, a nan Ingila sai a 2018 kamfanin takalman rawa na Freed da ke Landan, tare da ƙungiyar 'yan rawa ta Ballet Black, ya fitar da masu launin ruwan ƙasa.

A daidai wannan shekarun ne kuma hanya take rabuwa. Makarantar Royal Ballet ta Landan, wadda aka kafa a 1926, tana ɗaukar yara zuwa kwana tun suna ƙanana, horo kusan kullum bayan karatun boko, kuma 'yan ƙalilan ne ake zaɓa cikin masu nema. Wadda ta bi wannan hanyar za ta kai matakin da namiji zai riƙe ƙugunta ya ɗaga ta sama, ta sa tufafin dandamali a gaban jama'a, ta yi fama da matsin lamba kan ƙiba wanda ya jefa 'yan mata da yawa cikin ciwon ƙin abinci, sannan sana'ar ta ƙare da wuri, domin ko a gidan Opera na Paris a shekara 42 ake ritaya. Yawancin iyalanmu da na sani a nan suke tsayawa.

Ni da mahaifinta mun faɗa mata iyakarmu tun yanzu da take shekara tara, don kada ta ƙwallafa rai a kan abin da ba za mu amince da shi ba. Za ta zauna jarrabawar mataki na 3 a ƙarshen wannan zangon, kuma malamar ta ce sai ta ga ƙarfin idon sawunta nan da shekara biyu kafin a yi maganar takalmin tsini. Gwiwar dai ta daina ciwo, alhamdu lillahi. Tana gaishe ka da kyau.