Ga mai tambaya kan allurar ƙyanda da galahanga

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce ɗanki ya kusa wata goma sha biyar, lokacin allurar ƙyanda ta biyu ya zo, amma kin ga bidiyo a Facebook ana cewa rigakafi ne ke jawo galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, kuma wai a Amurka masu ita sai ƙaruwa suke yi. Kina tambaya ki kai shi ko ki haƙura. Ina amsa miki ne a matsayin uwar yaro mai wannan larura, kuma duk 'ya'yana, na gabansa da na bayansa, an yi musu allurarsu cif. Ki kai shi. Ga dalilina.

Maganar nan daga Ingila ta taso. A 1998 wani likita, Andrew Wakefield, ya buga rahoto a mujallar Lancet kan yara 12 kacal, yana nuna kamar allurar haɗin ƙyanda da hangum da rubella (wata cuta mai kama da ƙyanda) tana da alaƙa da galahanga. Daga baya ɗan jarida Brian Deer ya bankaɗo cewa likitan ya karɓi kuɗi ta hannun lauyan da ke shirin kai masu yin allurar ƙara, kuma abin da ya rubuta bai dace da takardun asibitin yaran ba. A 2010 mujallar ta janye rahoton, hukumar likitocin Birtaniya ta ƙwace lasisinsa. Amma aikin gama ya gama. Iyaye sun tsorata, yawan yaran da ake yi wa allurar a Ingila ya sauka zuwa kusan kashi 80 cikin ɗari, ƙyanda ta dawo, har a 2013 ta kama sama da mutum dubu a yankin Swansea na Wales.

Masana ba su tsaya kan ƙaryata shi da baki ba, sun je sun duba. A Denmak an bi diddigin yara 657,461, aka fitar da sakamako a 2019: waɗanda aka yi wa allurar ba su fi waɗanda ba a yi wa ba samun galahanga, har da yaran da ke da wa ko ya mai larurar. Wannan ɓangaren na ƙarshe shi ya kwantar mini da hankali lokacin da zan kai ƙannensa. Japan kuwa ta daina wannan allurar haɗin a 1993, aka ci gaba da ƙidaya a birnin Yokohama, sai ga adadin masu galahanga yana hawa duk da babu allurar. Haka sinadarin timerosal mai hana allura lalacewa da aka ɗora wa laifi: an cire shi daga allurar yara a Amurka tun wajen 2001, adadin bai sauka ba.

To me ya sa adadin ke hawa? Gaskiya ne, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce yaro 1 cikin 150 ke da ita a shekarar 2000, ya koma 1 cikin 36 a 2020. Amma ma'aunin ne ya faɗaɗa. A 1994 littafin da likitocin ƙwaƙwalwa ke bi ya shigar da yaran da ke magana sarai, suna karatu, sai dai mu'amala da mutane ke ba su wuya. Sannan a Amurka aka ba da shawarar a riƙa gwada kowane yaro a wata 18 da wata 24. Da yawa da a da za a rubuta su a masu raunin ƙwaƙwalwa, yanzu a nan ake rubuta su. Ki tuna unguwarku tun kina ƙarama: babu wani yaro da ba ya magana, yana kaɗa hannu, yana toshe kunne in an kunna inji, ana cewa shafar aljanu ce ko dolo ne? Ni dai na tashi na ga irinsu a ƙauyenmu, a gidajen da ko katin asibiti ba a taɓa yanka ba. Suna nan tun da, ba a ƙidaya su ne kawai.

Abin da ya fi rikita mu iyaye shi ne lokaci. Alamomin galahanga sun fi bayyana tsakanin shekara ɗaya zuwa biyu, lokacin da ake sa ran yaro ya fara cewa mama da baba, ya nuna abu da yatsa, ya juyo in an kira sunansa. Daidai lokacin ne kuma ake allurar ƙyanda. Uwa ta ga an yi allura, bayan wata biyu ta lura ɗanta ya yi shiru, dole zuciyarta ta haɗa biyun. Ba na ganin laifin kowace uwa a kan haka, domin na san zafin neman dalili. Nawa ɗan, tun yana goye ba ya kallon idona in ina shayar da shi, ba ya miƙo hannu a ɗauke shi kamar yayyensa. Kakarsa ce ta fara lura, tun kafin ya kai wata tara, balle a zo maganar allurar ƙyanda. Bincike kan tagwaye da iyalai ya nuna gado ne ke ɗaukar kaso mafi girma, kusan kashi 80 cikin ɗari. Sauran sun haɗa da haihuwar bakwaini, yawan shekarun uba ko uwa, da shan maganin farfaɗiya na valproate lokacin ciki. Ita kanta rubella in ta kama mai ciki tana iya janyo wa jaririn larurar, ga shi kuma allurar rubella ce ke kare ta.

Na san tsoron namu yana da tushe. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau ya bar tabo, kuma duk wanda ya ce mu manta bai yi mana adalci ba. Amma mun ga abin da ya biyo bayan dakatar da rigakafin shan inna a 2003: yaranmu ne suka shanye, cutar ta tsallaka ƙasashe da dama. Mashaƙon da ya addabi Kano a 2023 ma yawancin waɗanda ya kama ba su kammala allurarsu ba. Ƙyanda kuwa cikin mutum goma marasa kariya da suka kusanci mai ita, tara take kamawa, tana makantarwa, tana taɓa huhu da ƙwaƙwalwa.

In an yi masa, zai iya yin zazzaɓi ko 'yan ƙuraje bayan kamar mako ɗaya zuwa kwana goma sha biyu, wurin allurar ya ɗan kumbura. Ki tambayi ma'aikaciyar adadin farasitamol da ya dace da nauyinsa, ki ci gaba da ba shi nono da ruwa. In ya yi jijjiga ko numfashinsa ya canza, ku tafi asibiti nan take.

Maganar galahanga kuma ki sa mata ido daban. In ya kai wata 18 ba ya nuni da yatsa, ba ya juyowa ga sunansa, babu kalma ko ɗaya, ko ya daina faɗin waɗanda ya iya, kada ki yarda da "nauyin baki ne, babansa ma haka ya yi". Ki nemi likitan yara, a fara da gwajin ji, sannan a tura ku wajen masu koyar da magana. Ɗana da wuri aka fara masa, yanzu yana zuwa makaranta, yana faɗin abin da yake so. In kina son sanin yadda muka bi, ki yi mini magana ta akwati.