Ga 'yar'uwar da uwar mijinta ta ce ba ta da kunya

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin ce uwar mijinki ta ce ba ki da kunya don kin kira sunan ɗanki na fari a gabanta, kuma kin ci abinci surukinki na zaune, kina tambaya wace irin kunya ake nufi tunda ke kin san kina girmama su. Wallahi ni ma an jefe ni da wannan maganar, har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

A unguwar Aboabo ta Kumasi a Ghana na tashi, gidan haya, mu da Tonawa (wato Ashanti) da Dagombawa, ɗaki da falo. A ina mutum zai ɓuya ya ci tuwo? Dangin mijina kuwa tsofaffinsu daga Sakkwato suka zo, sun riƙe alkunya gam. Ranar sunan 'yata ta fari, mata sun cika gida, yarinya ta tsandara kuka a hannun wata, na miƙe na karɓe ta, na rungume, na kira sunanta. Sunan uwar mijina aka sa mata. Nan take yayar mijina ta ɗaga murya ta ce, "Ku zo ku ga 'yan matan yanzu, ido a tsaitsaye, haihuwar fari ce fa!" Aka kwashe da dariya. Mahaifiyata na zaune a wurin, ta sunkuyar da kai, ba ta ƙara ɗagowa ba har aka watse. Ina ɗanyen jego, ko zama sosai ban iya ba, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da yayar mijin nawa ta ja ni ɗaki ta faɗa min a kunne, me zai rage ta? Ko sannu ba ta zo ta yi min ba da ina asibiti, amma ranar taro ita ce a gaba. Kuma har yau ba ta taɓa cewa in yi haƙuri ba, in mun haɗu a biki sai ta sake tayar da zancen tana dariya. Wadda ta tozarta mai jego a gaban uwarta, ita ce za ta koya min kunya?

To ki gane, in tsohuwa ta ce ba ki da kunya, ba lalle tana nufin kin yi abin kunya ba. Kara take nufi da jin nauyi: ba a kiran sunan miji ko na surukai, ba a kiran sunan ɗan fari, ba a nuna ɗokinsa a cikin mutane, ba a cin abinci gaban suruki. Haka aka raine su. Wannan ba wuya, ki yi musu. Ki sa wa yaron laƙabi, in sunan kakansa ne ki ce Abba ko Baba, ni Ummi nake ce wa tawa har ta girma. Kwanonki kuma ki shige da shi ɗaki, an wuce wurin.

Amma don Allah kada ki bari a mayar da ke bebiya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce kunya tana daga cikin imani, gaskiya ne. Sai dai Nana A'isha ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Bayan abin da ya faru ranar sunan nan na koma ko tari ba na iya yi a gidan. A cikina na biyu ƙafafuna suka kumbura, kai na sara, na yi shiru don nauyin faɗa wa uwar miji, sai da maƙwabciyata ta ja ni awo aka ce jinina ya hau. Ciwo ba abin kunya ba ne. Bashi ma haka. Ina da 'yar rumfa a kasuwar Kejetiya, mata nawa suka karɓi atamfa ina jin nauyin tambayarsu, su kuwa suna wucewa ta gabana sanye da ita. Kunyar mara kunya asara ce, yanzu ko sidi 20 ne sai na tambaya.

Mijinki fa, ina yake a zancen nan? Ba ki ambace shi ba. Shi ya san gidansu, shi ya kamata ya zaunar da ke tun kina amarya ya ce ga abin da Hajiya ba ta so. Ki same shi da dare in hankalinsa ya kwanta, ki tambaye shi ɗaya bayan ɗaya. Kada ki mayar wa Hajiya magana, in dai a ɗaki ta faɗa miki tsakaninku, ta rufa miki asiri ke nan. In kuwa a gaban mutane ne, ki gaya wa mijinki ya yi mata magana da kansa tun abin bai zama jiki ba. Allah ya raya Abba.