Ɗan ragon da ke riƙe da tuta a coci

Ɗan'uwa, ka ce ka ga hoton ɗan rago da tuta a cocin Katolika a nan Kumasi, kana tambaya ko su ma layya suke yi irin tamu ta Zango. A'a, ba sa yanka komai a coci. Tushen abin Littafin Fitowa ne na cikin Baibul, sura 12: Bani Isra'ila a Masar suka yanka ɗan rago marar aibi, suka shafa jininsa a madogaran ƙofa, mutuwa ta tsallake gidajensu. Yahaya Mai Baftisma kuma ya kira Yesu "Ɗan Rago na Allah". Shi ya sa lokacin da fada, wato limamin cocin, ke gutsura gurasa a ibadarsu, jama'a na rera sunan nan sau uku. Tutar kuwa, a imaninsu, alamar tashin Yesu daga matattu ce.