Ƙwai a baka ko kaza a akurki?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Kawu. Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a Kaduna. Shekarata 38, na yi shekara 12 ina aiki, ina mataki na 10. Ina da mata da 'ya'ya huɗu, kuma ni ke ɗauke da Hajiyarmu a Zariya. Gaskiya aikin ya fita a raina. In je ofis in sa hannu in zauna, wata rana har la'asar babu fayil ɗin da ya zo teburina. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 albashi ba ya kai ni 20 ga wata. Shekara uku ke nan ina kiwon kaji 60 a bayan gida, kuma a wurinsu kaɗai nake jin ina da amfani. Na tara ɗan abin da na tara ta adashi, wani aminina kuma ya ara mini fili a bayan gari. Ina so in ajiye aiki in zuba kaji 500 masu ƙwai. Mai ɗakina ta yi shiru. Hajiya ta ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. In ajiye ne ko in ci gaba da haƙuri?

Ɗanka, daga Kaduna.

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka rubuta takardar ajiye aiki a bana. Amma ka zuba kajin.

Ba don na raina burinka na ce haka ba. Ni ma na bar aikin albashi ina da shekara 41 saboda kaji, kuma ban taɓa da-na-sanin barinsa ba. Da-na-sanin da na yi na yadda na bar shi ne, shi ya sa wasiƙarka ta tsaya mini a rai. Kuma ba na cikin masu cewa aikin albashi dutse ne da ba ya motsi. Kai ɗan Kaduna ne, ka san Kakuri. Na san magidanta da suka yi shekara ashirin a masaƙun nan suna ganin sun kafu, aka wayi gari an rufe ƙofa. Ba bautar albashi nake kiran ka ba.

Akwai abin da yake hannunka wanda ba kowane mai son sauya sana'a ke da shi ba. Kundin tsarin mulki na 1999, a ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata da ke jadawali na biyar, ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko wata sana'a ta kansa, amma ya keɓe noma, ya ce wannan ba a hana ba. Da shagon sayar da waya kake so ka buɗe, da amsata ta bambanta. Kai gona za ka yi. Me zai sa ka rufe ƙofa ɗaya kafin ka buɗe ɗaya, alhali doka ta bar maka su duka biyun a buɗe?

Yanzu mu zo kan kajin, don a nan maganar take. Kaji 60 a bayan gida da kaji 500 a bayan gari ba sana'a ɗaya ba ce. Na bayan gida albashinka ke rufa musu asiri ba ka sani ba: wutar gida, ruwan gida, yara na share musu, in abinci ya yanke ka sa hannu a aljihu. Ɗauki biro. Ɗan tsako mai kwana ɗaya ba zai ba ka ƙwai ba sai ya kai mako 18 zuwa 20. Kafin nan kowace kaza za ta ci kimanin kilo 7 na abinci. Kaji 500 ke nan kilo 3,500, wato buhu 140 na kilo 25, ba ka sayar da ƙwai ko ɗaya ba. Je ka tambayi kuɗin buhu yau ka ninka. Ka ɗora kuɗin 'yan tsaki, gawayi ko gas na ɗumama su a makonnin farko, rigakafin cututtukan kaji irin su Gumboro da fakat, ɗiban ruwa, da yaron da zai kwana a gonar. In sun fara ƙwai, kowace tana cin kusan giram 120 a rana, kusan buhu biyu da rabi ke nan kullum, ko kasuwa ta yi kyau ko ba ta yi ba. Kaza ba ta san wata ya yi nisa ba. In ka rage mata abinci kwana biyu za ta rage maka ƙwai, kuma ba ta dawowa daidai da wuri. A ranar da suka yi ƙwai 400 kana da kiret 13 da 'yan kai. Daga cikinsu za ka fitar da kuɗin abincin gobe kafin ka kira sauran riba.

To wata biyar ɗin nan na farko, da kaji ke ci ba sa bayarwa, wa zai ciyar da mutum shida a Kaduna da tsohuwa a Zariya? Wannan tambayar ce ban yi wa kaina ba.

Na ajiye aiki a watan Nuwamba na zuba kaji. A watan Afrilu, ana saura kaɗan su fara ƙwai, aka yi wata rana mai zafin da ban manta ba. Rufin kwano ne, na yi shi ƙasa-ƙasa don in rage kuɗin katako. Da azahar na shiga na tarar da su sun buɗe baki suna haki, fukafukai a sake, ruwan da ke mazubi ya yi ɗumi kamar na wanka. Ni da yarona muka yi ta watsa ruwa a kan kwano da bokiti. Kafin magariba mun kwashe matattu 180 a baro. A makon ne aka koma makaranta. Mai ɗakina ba ta ce mini komai ba, ta shiga ɗaki ta fito da 'yan kunnenta na gwal a cikin hankici ta ajiye a gabana. Da ina da albashi a lokacin, da asarar kaji kawai na yi. Da yake ba ni da shi, har gida ta shigo. Sai a shekara ta uku gonar ta tsaya da ƙafarta.

Ba zafi kaɗai ba ne. Murar tsuntsaye da ta fara ɓulla a ƙasar nan a 2006, a Jaji aka gano ta, nan kusa da kai. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, ƙwai ya yi kwantai a gonaki saboda masu saye ba su da tsaba a hannu. Masara kuma kowace shekara sai ta hau kafin kaka.

Sannan ka san abin da za ka bari a baya. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, kashi 8 cikin ɗari ake cirewa daga albashinka, gwamnati ta ɗora kashi 10. Ranar da ka tafi, wannan goman ta tsaya. Abin da ya taru a asusunka naka ne, ba wanda zai ƙwace, amma kada ka lissafa shi a jari: tunda ba ka kai 50 ba, kashi 25 kawai za ka iya cira, shi ma sai ka yi wata huɗu ba ka sami wani aiki ba. Akwai kuma inshorar lafiya da ke ɗauke da kai da matarka da 'ya'ya huɗu. Mai ƙananan yara ya san darajar wannan katin da damina.

Ga abin da nake so ka yi. Fara da 200 ko 250, ba 500 ba. Ɗaga rufin sosai, ka bar gefe a buɗe da waya don iska ta ratsa. Nemi likitan dabbobi tun kafin 'yan tsaki su iso, ba sai sun fara mutuwa ba. Tunda kana zuwa Zariya, ka leƙa Shika, cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI, inda aka samar da kazar Shika Brown, ka yi tambaya. Sayi littafi mai kauri ka rubuta komai, har man babur da ka ƙona zuwa gona da ƙwan da aka soya a gida. Kada kuɗin gona ya haɗu da na albashi a aljihu ɗaya. Ka bi su zagaye guda cikakke, daga ɗan tsako har ranar da za ka sayar da tsofaffin, kusan shekara ɗaya da rabi ke nan. A ciki za ka ga bazara, ka ga damina, ka ga tsadar masara, ka kuma gane ko dillalan ƙwai na biya a kan lokaci. In littafin ya nuna gonar ta biya ka abin da ya kai albashinka wata shida a jere, kuma kana da kuɗin cefanen wata shida a ajiye daban, to rubuta takardarka, ni zan fara yi maka murna. Sai dai ka riƙe amanar ofis a tsakani. Gona da asuba da yamma da ƙarshen mako, lokacin gwamnati na gwamnati ne, don albashin da zai ciyar da kajin ya zama halal.

Shirun mai ɗakinka ya fi damuna a kan maganar Hajiya. Hajiya ta faɗi nata ka ji. Ita kuwa matarka, in abu ya karkace, ita za ta tsaya gaban tukunya yara na kallon ta. Kada ka je mata da shawarar da ka riga ka yanke. Zauna da ita bayan yara sun yi barci, ka buɗe mata lissafin buhu 140 ɗin nan, ka tambaye ta abin da take tsoro, ka yi shiru har ta gama. Hajiya kuma ka je Zariya da ƙafarka, ba ta waya ba. Ka ce mata ba ka saki aiki ba, gona za ka fara, kana neman albarkarta. Ka yi istihara. In kajin sun fara, kiret na farko nata ne.

In shekara ta zagayo ka sake rubuto mini, ka haɗo da abin da littafin ya nuna na watan Afrilu da na Agusta. Allah ya sa albarka, ya raya zuri'a.

Kawunka.